Hancin Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ni gaida mahaifiyar saurayina Nasiru a unguwar Abu Hail ba, ko da na so in manta. Lokacin ban daɗe da fara aiki a ma'ajiyar wani gidan tarihi a unguwar Al Quoz ba, inda muke tantance ƙananan zanen fuskokin mutanen da, waɗanda ba su kai tafin hannu ba: wa ya zana, kuma yaushe. An koya mini duba ɗinkin riga, ɗaurin kai da dafewar fenti. Kai, ilimin nan ya hau mini kai! Har madubin ƙara girma nake yawo da shi a jaka (ba wanda ya aike ni).

Nasiru ya riga ya gaya mini, in Hajiyarsa ba ta yi na'am da ni ba, khalas, babu aure. Don haka na shiga falon kaina a sunkuye, na durƙusa na gaishe ta. Ban ga komai nata ba sai lallen ƙafa.

Sai ƙanwarsa Rabi ta miƙo mini wani ɗan zane. "Anti, an ce aikinki ne. Duba mana wannan."

Nan take kunya ta gudu, na zaro madubi.

"Ai wannan matar ta fi shekara ɗari a kabari," na ce. "Dubi yadda launin ya dafe. Wannan ɗaurin ɗankwalin ma tun zamanin kakanni aka bar shi. Mai zanen kuma ba gwani ba ne, ya dasa mata hanci kamar bakin buta."

Rabi ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na ɗauka burge ta na yi (kaicona!), na ƙara da cewa da gani matar ta yi masifa a zamaninta.

"Bara aka zana ni a wajen baje koli," in ji wata murya daga kan kujera. "Turaren wuta ne ya dafar da shi. Ɗago ki dube ni, 'yar nan."

Na ɗago. Ga ɗaurin, ga hancin. Wallahi mai zanen gwani ne, bai ƙara ko ɗigo ba.

Na so ƙasa ta tsage. Hajiya ta ƙare mini kallo, sai ta fashe da dariya har da hawaye. "Rabi, gaya wa yayanki ta yi mini. Wannan ba za ta iya munafunci ba."

An yi auren. Amma yanzu kafin in binne kowace mata a zane, sai na ɗaga kai na duba ko tana ɗakin.