Ranar da Na Hana Hajiya Guzuri

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na hana kakata ɗaukar guzuri ba. Ina shekarata ta biyu a karatu a Makka, Hajiya ta zo Umra daga Kano ta sauka wurinmu a unguwar Aziziyya. Da lokacin ziyarar Madina ya yi, ta ce ita mota za ta hau, don ba ta yarda da jirgin ƙasan da ke gudu kamar iska ba.

Ni kuwa na karanta wani rubutu a kan taragun cin abinci masu rufin gilashi kamar ƙubba. Ana hawa matakala, a zauna a tebur mai farin ƙyalle, ana ci gajimare na wucewa a kan mutum. Hoton ya shiga raina har na rubuta masa baitoci (rubutun kansa kuwa ban kai ƙarshensa ba). Na ɗauka kowane jirgin zamani haka yake.

"Hajiya, a ƙarƙashin sama za ki ci abinci," na ce. "Ki ajiye dambun nan, kar ki ba mu kunya."

"Tafiya ba guzuri, 'yar nan?"

Na yi ta lallashi har ta yarda ta hau jirgin ba guzuri. Ko karin kumallo na hana ta, wai kada cikinta ya cika.

Jirgi na tashi na tare ma'aikaci, na tambaye shi da Larabcin aji, mai cikakken wasali, ina matakalar ƙubba. Ya dubi rufi, ya dube ni.

"Wace ƙubba, 'yar'uwa? Akwai dai wurin shayi da burodi a gaba."

Na nuna masa hoton a waya. Ya yi murmushi ya ce wannan ai tsohon jirgin Amurka ne. Sai a lokacin na karanta sauran rubutun: tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce aka yi yayinsu, yawancinsu sun daina aiki, 'yan kaɗan suka rage wa masu yawon buɗe ido.

Kafin in dawo, Hajiya ta riga ta sanar da wata Basakkwaciya da ke kusa da ita cewa jikarta mai ilimi za ta kai ta sama cin abinci. Su biyu suka zuba mini ido.

"Babu," na ce, muryata kamar ta sauro.

Hajiya ta sa hannu cikin hijabi ta zaro ƙullin dambun nama.

"Matso, Malama. Ga sama nan ta taga, ba ta je ko'ina ba."

Muka ci mu uku, duwatsu na wucewa. Tun daga ranar nake karanta rubutu har ƙarshe, kuma ba na shiga tsakanin tsohuwa da ƙullinta.