Ranar da Boksi Ta Shanye Karkaden Biki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai fatur ɗin 'yar Yaya Hauwa ba, kuma ko na so in manta, dangin ango ba za su bari ba. Kafin yaƙi ya watsa mu ne, amma har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Haushi uku nake ji: na mota, na wani tsoho da ya fi ni gaskiya, da na kaina (wannan na ƙarshen shi ne babba, shi ya sa na ɓoye shi a baya).

Ga wanda bai san al'adarmu ta Sudan ba, in an ɗaura aure uwar amarya ce ke dafa abinci na gani na faɗa ta kai gidan ango, shi ne fatur. A nan ake auna gida. Matan dangin ango za su buɗe kwano ɗaya bayan ɗaya, abin da suka gani kuma shi za a yi ta faɗa har a yi jikoki. Yaya Hauwa mijinta ya rasu, shayi take sayarwa a bakin Kasuwar Libiya, 'yar nan ita kaɗai gare ta. Wata da watanni tana tanadi don kada a kalli yarinyar a ce ai marainiya ce.

Ni aka ɗora wa ɗaukar kayan daga Umbadda zuwa Mayo, can kudancin Khartum, saboda ni ke da mota. Mota dai a suna. Tsohuwar a-kori-kura ce, boksi muke ce mata, na gaje ta wajen Baba, kuma ta girme ni. Sati biyu kafin biki allurar agogon zafinta ta haukace. Tana tsakiya zaune lafiya, sai ta haura har bakin ja, ka ƙifta ido ta faɗo ƙasa, ta sake tashi. In na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa takan dawo daidai, ko kuwa ni nake ganin haka.

Na kai ta Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai, wajen Usta Haruna (usta muke ce wa gwanin makanike), wanda kawun ango ne. Na ce tunda mun zama surukai, gara a yi ta gida. Tsohon ya ɗaga bonet, ya leƙa lagireto, ya matsa wani tiyo da ke ƙasa, ya nuna min yatsansa a jiƙe.

"Ya waladi, ɗana, agogon nan lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ruwa kake zubarwa, iska na shiga. Akwai ɗan ƙarfen da ke jin zafi. In ruwa ya taɓa shi sai ya faɗi gaskiya, in tururi ya buge shi allura ta haura, in ya rasa komai sai ta kwanta. Ranar da ka ga ta kwanta shiru kana cikin tafiya, ranar za ka ji tsoro. Bar min ita kwana biyu, in canja tiyo da murfi, in fitar da iskar."

Ni kuwa na yi kwana biyu ina kallon bidiyon gyaran mota a waya, na riga na zama usta. Na ce, "Kawu, waya ce kawai ta saki a bayan agogo." Ya ce ba waya ba ce. Sai na ɗaga murya, a gaban sauran makanikai, na ce ai haka kuke, mutum ya kawo ciwon kai ku ce sai an tsaga ciki. Wallahi haka na ce wa mutumin da ya yi sa'an Babana.

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya rufe bonet ya ce, "Halas, shi ke nan, motarka ce. Amma kada jarkar ruwa ta bar bayanta."

Ran fatur da safe, abu na farko da na yi shi ne sauke jarkar ruwan. Na ce wa Yaya wuri nake nema wa kwanoni. Ƙarya nake, ba na so ne tsohon ya hango ta ya yi murmushi. Aka jera asida da miyar tagaliya, kisra, soyayyun kaji, zalabiya, sai wata ƙatuwar jarka ta karkade (zoɓo ke nan a wajen 'yan Najeriya) da ƙanƙara a ciki, wanda Yaya ta haɗa da hannunta don shi ne abin alfaharinta. Maƙwabta mata uku suka hau baya suna guɗa, Yaya ta zauna gaba kusa da ni.

Tun a cunkoson Kasuwar Libiya allura ta fara rawarta. Rana ta buɗe, motoci ba sa motsi, ni ina ta ƙwanƙwasa gilashi ina zaginta a zuci.

"Auta, me wannan abin yake yi?" in ji Yaya.

"Waya ce, Yaya."

"Usta ma waya ya ce?"

Na yi kamar ban ji ba. Ta yi ta faɗa tun daga Omdurman har muka hau gadar kogin Nilu, ta tono min laifukan da na yi tun ina makarantar allo. A tsakiyar gada sai allura ta faɗi ƙasa ta kwanta, ko motsi. Na buga sitiyari na ce, "Kin gani? Ta huce da kanta." Har dariya na yi.

Ba mu yi nisa da gadar ba wari ya fara shigowa, sannan tururi ya turnuƙe daga bonet. Na tsaya a wani fili, ba gida ba shago. Randar sadaka ɗaya da na samu a gindin bishiya a bushe take ƙaf. Ga kogin Nilu sukutum mun baro a baya, ni kuma na rasa ruwan da zan jiƙa maƙoshin mota. Sai ga kiran Usta a waya, yana cewa maza sun hallara a rumfa, kun iso ina. Da na ce masa mota ta tafasa, da ya zo da ruwa da tiyo an wuce wurin. Na ce, "Ga mu nan kusa, Kawu, tamam, lafiya lau."

Na kashe waya, idona ya faɗa kan jarkar karkade.

"Kada ka kuskura," in ji Yaya.

"Rabi kawai, Yaya. Ruwa ai ruwa ne."

Na naɗe hannu da rawanina na buɗe murfi, na ɗura. Motar ta haɗiye rabin ta tashi. Ƙasa kuwa tiyon nan yana ta fitsari ja a kan kwalta, ban duba ba don ba na son in gani. Bayan 'yar tafiya ta sake tafasa. Wannan karon ban jira ta huce ba, ina murɗa murfi ta feso min, farar jallabiyata ta koma ta mahauci. Allah ya taimake ni rawani ya tare hannuna. Na juye mata sauran, har da ƙanƙarar. Matan baya sun daina guɗa tun tuni. Yaya ma ta daina faɗa, ta juya fuskarta waje, ni kuma wauta ta sa na ɗauka ta haƙura.

Azahar ta kusa muka shiga layin gidan ango. Motar ta yi tari biyu ta mutu daidai gaban rumfar maza, tana fitar da hayaƙi mai ƙamshin alewa. Na fito ja jawur. Wata tsohuwa ta fara salati, ta zaci hatsari muka yi. Usta Haruna ya taso a hankali, ya durƙusa, ya dangwali abin da ke ɗiga ƙarƙashin mota ya kai harshe. Ya dube ni, ya dubi jarkar da ke baya wayam. Bai ce min na gaya maka ba. Yatsa kawai ya ɗora kan tiyon nan, daidai inda ya nuna min.

A ƙofar gida gwaggon ango ta ɗaga jarkar ta girgiza, ta ce da murya mai zaƙi, "Hajiya, ba a zo da na sha ba ne?"

Kafin Yaya ta buɗe baki Usta ya ce, yadda kowa zai ji, "Fatur ya zo cikakke, ya jama'a, ni shaida ne, na ɗanɗana karkaden kuma ya yi. Baƙuwa ce ta iso da ƙishi ta riga mu sha." Aka kwashe da dariya har cikin gida, dariyar duk ta koma kaina ta bar Yaya. Mutumin da na kira macuci a gaban abokan aikinsa, shi ya rufa wa gidanmu asiri, ni kuwa ina tsaye ƙudaje na bin ƙirjina.

Gaskit ya ƙone, sukari ya daskare a lagireto, motar ta yi wata guda a wajensa maimakon kwana biyu. Mutanen Mayo har yau Usta Karkade suke ce min. Yaya kuwa ba ta zage ni ba, ba ta yi min faɗa ba, sai da amarya ta haihu sannan ta sake kirana Auta.

Tun daga ranar, muddin allura tana hawa da sauka, ko Yaya tana faɗa, hankalina kwance yake, na san da sauran ruwa a ciki. In na ga ɗayarsu ta yi shiru, nan take nake neman gefen hanya in tsaya.