Kifayen Ranka-ya-daɗe a Bahon Gidana

Jama'a, yau da safe na fito da soso da sabulu zan yi wanka, maiɗakina ta tare ni a ƙofa. "Malam, sai dai ka nemi bokiti. Baho na baƙi ne." Baƙin nan kuwa kifaye ne, jajaye da masu ruwan zinariya, kuma ba nawa ba ne. Na Ranka-ya-daɗe ne.

Ga yadda aka yi. Akwai wani ofishi da na daɗe ina zarya, ina neman a sa mini hannu a takardar shagona. A ɗakin jira an girke ƙaton akwatin gilashi cike da ruwa da kifaye, wai Ranka-ya-daɗe, babban ofishin, ya kawo shi don masu jira su samu natsuwa. Allah ya saka masa da alheri. Kujerun dai sun karye, amma natsuwa a tsaye ma ai natsuwa ce.

Rannan na tarar injin tace ruwan yana gurnani kamar tsohon babur, yana yoyo ta ƙasa. Ruwan ya yi duhu, kifayen sun taso sama suna buɗe baki. Masinja, wani dattijo, yana ta goge daɓe da tsumma.

Na ce, "Baba, ba za a gyara ba?"

Ya ce, "An kafa kwamiti. Shugaban kwamitin ya tafi ƙasar waje ya ga yadda nasu yake aiki."

"To kifayen fa?"

"Ba sa cikin kwamitin."

Tausayinsu ya kama ni, ga kuma kwaɗayin Ranka-ya-daɗe ya ji labarina ya tuna da takardata. Na naɗe hannun riga, na cire soket, na ja injin. Tiyo ya fizge, ruwa ya yi tsiri har kan teburin sakatariya. Ta miƙe tana kakkaɓe mayafi.

"Bawan Allah, tunda ka taɓa, sun zama amanarka. Ɗaya ya mutu, ka manta da takardarka."

Haka na dawo gida da kifaye a bokitai, inji a hammata.

Maƙwabcina mai gyaran fanka ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce in kawo injin. Muka zauna a ƙofar shagonsa muka buɗe. 'Yar farfelar da ke tura ruwa ta cushe da gansakuka da ɓurɓushin biskit, zoben robar da ke hana yoyo kuma ya bushe ya tsage. Muka wanke farfelar da tsohon buroshin haƙori. Ya yanko zobe daga tsohon tub ɗin keke, ya yi faɗi. Ya sake yankowa, wannan ya zauna daram.

Ya ce, "Saura gwaji. Ina wuta?"

Muka kalli juna. Layinmu ya daɗe a duhu, har yara sun fara shanya kaya a kan wayoyin gida.

Ana cikin haka sakatariya ta bugo waya tana tambayar lafiyar kifaye. Maiɗakina ce ta ɗauka. "Hajiya, suna gaishe ki, amma numfashi sama-sama. Inji ya gyaru, wuta ce babu."

Wallahi ban gama cin abincin rana ba sai ga mota da tsani da ma'aikatan wutar lantarki sanye da hulunan kwano. Mu da muka gaji da kai kuka, sai ga shi kafin yamma ƙwan fitila ya kama. Injin ya tashi shiru, ba gurnani, ba ɗigo. Kifayen suka koma ƙasa suna kaɗa jela. Telan layinmu ya hau kekensa yana waƙa, mai niƙa ta aiko wa baƙi gaisuwa.

Da na je mayar da amana, aka ce ba a karɓa sai kwamiti ya dawo an yi bikin ƙaddamarwa. Takardata kuwa an ce tana shan iska, domin ita ma ta jiƙe. Maƙwabta sun roƙe ni kada in matsa, don kada wuta ta bi kifayen ta tafi.

Af, kafin in manta. In akwai wanda ya san wani babba da akunsa ba ya jin daɗi, ya yi mini magana. Ina da keji, kuma titinmu duk ramuka ne.