Tagar Jar Akuya

"…da zafin rana kuma, angona?"

"Rana da sauƙi, Tsohuwa. Fuskarki ce dai na gani gabana ya faɗi."

"Faɗuwar gaba asarar namiji. Ina kwaɗon ƙofar da na aike ka?"

Jikan ya sauke naɗin ragar waya daga kafaɗarsa ya jingine a bango, ya ajiye almakashin yankan kwano a gefen tabarmarta. Kaka ta dubi ragar, ta dube shi, ta tambaye shi ko kifi zai kama mata a tsakar gida.

Da safe ta aike shi kasuwa. Tun da aka sace wa maƙwabciyarta tunkiya, Kaka ta tura awakinta cikin wani ɗakin langa-langa da ke bayan gida, ta toshe kowace kafa da buhu, yanzu kuma tana son kwaɗo mai girma ta ƙara a kan na da. Shi kuwa da ya bi ta wajen, sai ya jiyo wata jar akuyarta mai tsohon ciki tana haki. Ya san wannan hakin. Da ya gama karatun kiwo, ya zuba kaji a ɗaki mai rufin kwano, ya cusa su fiye da yadda ɗakin zai ɗauka, ya dogara da fanka. Ranar da zafi ya tsananta aka ɗauke wuta, kafin la'asar duk sun mutu, da shebur ya riƙa kwashe su yana zubawa a baro. Tun daga lokacin bai sake taɓa dabba ba. Ko zakara ya yi cara sai ya bar wurin.

"Taga zan yanka wa awakinki," ya ce. "Can sama, ƙarƙashin rufi, gaba da baya, iska ta riƙa wucewa. In rufe da raga."

"Ka yanka wa ɓarawo ƙofa dai. Nawa ya ce zai ba ka?"

"Ɓarawon da zai bi ta tagar nan sai in ya kai ki ramewa."

"Ni ce ramammiya? Kai da in iska ta taso sai an sa maka dutse a aljihu?"

Ta ce tana kiwon awaki tun ubansa na yawo ba wando, ba ta taɓa jin akuya ta nemi taga ba. Gobe kuma sai ya ce a saya musu labule da madubi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce babbar da ke kiran mutane su zura mata zare a allura, me za ta hango? Ta rarumo mafici ta kai masa duka, ya goce.

"Ji mai ba da shawara," ta ce. "Likitan da ya yi wa marasa lafiyarsa jana'iza rana guda."

Maganar ta same shi a inda bai warke ba. Ya durƙusa yana gyara bakin ragar da ba ta bukatar gyara. Kaka ta gani. Ta ɗan yi fifita, sannan ta ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake.

"Wannan ba tsumma ba ne, Kaka," ya ce a hankali. "Ɗakin nan irin na kajina ne. Ban ba su iska ba, shi ya sa suka mutu. Akuyarki ba za ta kai haihuwa a ciki ba."

Rabon da ya kira ta Kaka ba Tsohuwa ba har ta manta. Amma ba ta saba sauka da wuri ba. Ta ce zafin da ta sha a duniya ya fi ƙarfin ɗakin awaki.

"To shiga ki zauna da su," ya ce. "In kin yi tsawon jiƙa goro a baki ba ki buga ƙofa ba, in mayar da raga in sayo miki kwaɗo biyu."

"Miƙo min kujerata, ragon miji."

Ta shiga tana taƙama, ya tura ƙyauren. Da farko muryarta na fitowa tsaf. Ta ce wurin ya fi ɗakinsa tsabta, bunsurun ma ya fi shi kyan gemu. Can ta ce awakin sun gaishe shi. Daga nan magana ta fara raguwa, sai tari, sai ƙarar mafici da sauri da sauri. Shi kuwa yana tsaye da hannunsa a kan ƙyauren, kwanon na ƙona masa tafi. Bai jira ta buga ba, ya fizge ƙofar.

Kaka ta fito ɗankwali a hannu, gumi na bin wuyanta, idanunta sun yi ja saboda warin fitsari.

"Ban buga ba," ta ce. "Kai shaida ne."

"Ba ki buga ba. Ni ne ba ni da kuɗin likkafani."

"Kuma ba zafi ya fito da ni ba. Akuyar ce ba ta iya hira ba." Ta zauna daɓas a inuwa, ta shanye ruwan da ya miƙa mata. "Me kake jira? Ɗauko almakashin. Ka yanka babba, marowaci."

Ya fito da awakin ƙarƙashin bishiya ta hanyar kora su da hula, ya ajiye musu ruwa, sannan ya hau benci. Kaka na riƙe masa raga tana kushe aikin: layin ya karkace kamar ƙafafunsa, ƙusa ta fi shi hankali. Ya ce zai kuma ɗaga ƙasan ɗakin da katako, kashin ya riƙa zuba ƙasa, su kwashe su kai lambunta, ganyen wake daga lambun ya dawo wa awaki. Ta ce ashe dai makarantar ba barci kaɗai ya yi ba.

Da ya cire kwanon bango na biyu, iska ta ratsa ɗakin ta bugi fuskarsa. Ya sauko ya tarar jar akuyar ta daina haki, ta kwanta tana tuƙa.

Kaka ta kamo igiyarta ta miƙo masa. Ya ja da baya.

"Riƙe," ta ce. "Daga yau kai ne mai kula da ita, abin da ta haifa kuma naka ne. Na gaji da miji mai zaman banza."

"In wani abu ya same ta fa?"

"Sai in yi maka gori har in mutu. Ni kuma ba yanzu zan mutu ba."

Ya karɓi igiyar, ya tsuguna, ya ɗora tafinsa a kan cikin akuyar. Wani abu ya shure shi daga ciki. Ya ɗago da sauri ya dubi Kaka.

"Ka ji ko?" ta ce tana dariya. "Tun bai fito ba ya san abokin wasansa."