An Tsare Gangar Garinmu

Shekaranjiya bayan lisha ina zaune ƙofar gida, ina lura da wani tauraro da na daɗe ina zargin yana matsowa wajen garin Runka, sai na ji wata ƙara: ɓum, ɓum, ɓum, kamar saniya na tari cikin randa. Ni kuwa tun da na bar makaranta a aji huɗu ban bar bin abin mamaki ba. Na ɗauki tocila na bi ƙarar har zauren Maigari.

Ashe ba aljani ba ne. Maigari Yero ne da kansa, da rawaninsa, ya rungume jarkar manja yana dukanta da muciya. Maƙwabcina Sada na tsaye bakin masallaci ya kasa kunne.

"Sada, ka ji daga nan?" in ji Maigari.

"Ranka ya daɗe, na ji, amma don ina kallonka ne."

Bari in faɗa muku yadda aka yi dattijo ya koma kiɗan jarka. Garinmu na da ganga tun kakanni, rataye a zauren nan. Ba ta biki ba ce. In aka buga sau uku aka yi shiru, ma'ana ɗaya ce: mutanen daji sun taso, a kwashe yara, a kora shanu. Waya a nan sai ka hau tsamiya take kamawa, ganga kuwa har fadama ake jin ta. Bara sau biyu ta fitar da mu da ranmu.

Da damina fatar ta yage. Fatar akuya ɗaya da wuni ɗaya aikin ke bukata. To amma shekarun baya wasu bayin Allah sun zo sun shafa mata lamba da farin fenti, sun ce ta zama kayan tarihi, ba mai taɓa ta sai da izini a rubuce. Kun ga hikima! Mutumin da ke sasanta rikicin gona, wanda ake tuhuma in an ga baƙuwar fuska a gari, ba a yarda ya ɗinke gangar kakansa ba, kada ya ɓata tarihi.

Maigari ya sa aka rubuta takarda. Ta yi ta hawa sama daga rawani zuwa rawani, kowanne ya buga hatimi ya yi mata addu'a, don iyakar abin da aka bar masa ke nan, har ta isa teburin Alhaji Mai Biro Uku. Shi kuma, Allah ya ƙara masa biro, ya kafa kwamiti. Kwamiti ya ce ba zai iya zuwa duba ganga ba, hanyarmu ba tsaro. Maigari ya ce ai don haka muke son gangar. Aka ce an rubuta.

Kwatsam aka ji Mai Girma Mai Jiniya zai kawo ziyara, ana neman kayan gargajiya na tarba. Ranar nan hanya ta gyaru. Akori-kura ta zo ta kwashi ganga, da Maigari, da mu arba'in masu tafi, sai filin taro a birni. Kafin gari ya waye an sa mata sabuwar fata. Aka zaunar da Maigari a sahun gaba. Sau bakwai na ji an ce masu sarauta su ne idon gwamnati da kunnenta. Baki ne dai ba a ambata ba, don ba wanda ya miƙa masa lasifika.

Makaɗin da aka ɗauko ɗan birni ne. Da Mai Jiniya ya miƙe zai yi jawabi, sai makaɗin ya buga sau uku, ya yi shiru don girmamawa.

Jama'a, ƙafa ba ta shawara da kai. Shafa'atu, wata mata 'yar garinmu, ta suri yara biyu da ba nata ba. Sada ya tsallake katangar da ya fi shekara ashirin bai tsallake irinta ba. Ni na shige ƙarƙashin teburin lemo, inda na gano wani babba safarsa ba iri ɗaya ba ce, abin da har yau nake tunani. Masu tsaron Mai Jiniya suka cusa shi mota, hula ta faɗi, ba wanda ya koma ɗauka.

Yanzu ganga na kulle a wani ɗaki, ana bincike a kanta. An aiko wa Maigari takarda ya yi bayanin rashin tarbiyyar mutanensa. Amma kada a ce an manta da mu: an haɗo da hotonsa tsaye kusa da gangar, cikin gilashi, ya yi kyau ƙwarai. Mun rataye shi a ƙusar da gangar take a da.

To, ga mu a zaure, an gwada jarka, an gwada turmi, an gwada murfin tukunya. Na ba Maigari shawara ya riƙa ɓoye jarkar nan, kada masu farin fenti su ji labarinta.

Sai ga Shafa'atu ta leƙo da goyo, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Maigari, gidana ne na ƙarshe wajen daji, kuma ban ji komai ba. In suka zo yau, da me zan sani?"

Maigari ya dubi muciyar da ke hannunsa. Sada ya dubi hoton. Ni na leƙa waje neman tauraron nan.