Idon Kifina a Komin Albasar Malam Iro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da waya ta ba da shaida a kaina ba, ni da duk unguwarmu ake tsoron bakina.

Ina da jikoki uku na shiga ajin yaƙi da jahilci a Bagwai. Wata rana malamarmu, Malama Rabi, ta nuna mana wani tsohon gari a bakin tafki can Japan. Wai mutane na zagaya lungunansa a ƙafa, waya tana ja musu layi a taswira duk inda suka taka, in sun gama sai ga hoton tsuntsu ko fure. Na ce mu ma ai muna da dam, me ɗan Japan zai nuna mana? Na karɓi aron wayarta na ce kifi zan zana.

Da hantsi na gangara. Na bi iyakokin gonaki, idona a waya, layi na bina kamar raƙumi da akala. Na yi jela, na yi ciki, na yi kai. Saura ido. Sai na tsaya wuri guda na dinga juyawa, na zaga ya fi sau ashirin don ya fito ɓulɓul. (Na ji ƙasar da laushi, na ce Allah ya yi wa mai wurin nan albarka.)

Da la'asar Malam Iro, yayan maigidana, ya dawo rai a ɓace. An tattake komin da yake renon irin albasa, na shekara guda cur. Ban je na gani ba, ban tambayi inda komin yake ba, na ɗaura zani na yi gidan Lami maƙwabciyata. Na ce awakinta ne, na sha faɗa mata ta ɗaure su. Ta yi ta rantsuwa a turke suka wuni, na ce gobe ta maimaita a gaban mai unguwa, ni ce shaida.

Washegari a aji Malama ta buɗe kifina, mata suka yi tafi, ni kuwa har da gyara ɗankwali. Sai ta matso da hoton don su ga idon da kyau. Ga dorawa, ga rijiya, ga shingen lalle. Uwani matar Malam Iro ta kafa wa wayar ido.

"Malama, ai wannan gonarmu ce."

Ga idon kifina daidai kan komin albasarsu. Lami ta leƙa, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Yaya, ashe akuyar da takalmi take kiwo."

Ni da ba a taɓa ƙure ni ba, ranar Lami ta ƙure ni. Da ƙafata na je na durƙusa wa Malam Iro, na wuce na durƙusa wa Lami, wadda ta bar ni a ƙasa har sai da ta gama tankaɗe. Kwana huɗu ina tsugune ina taya Uwani sake yafa iri.

Yanzu in aka yi ɓarna a unguwa aka tambaye ni wa nake zargi, sai na fara duba tafin takalmina.