Rasuwar Kore, Allon Zdravko Mutafchiev

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Zdravko Mutafchiev na birnin Ruse yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar tsohon allon kwamfutarsa, wanda aka fi sani da Kore saboda launin rubutunsa. Ya cika ranar Laraba da hantsi, yana da shekara talatin da huɗu, yana tsaka da nuna shafi.

Marigayin mutumin kirki ne, ba shi da kwaɗayi. Harafi tamanin yake ɗauka a layi, bai taɓa neman ƙari ba. Da idon marigayin Zdravko ya yi shekara ashirin da biyu yana gyara manhajar da ke shirya shafukan jagora, waɗanda mutum kan buɗe in ya rasa yadda zai ba kwamfuta umarni. Layi ya karkace ko jadawali ya wargaje, Kore ne zai fara gani. In an kunna shi sai ya ce "tik", ya yi "zzzz" kamar sauro a kunne, sannan ya buɗe ido a hankali. Abin da ya nuna kuwa Zdravko bai taɓa musawa ba. Ai nan gizo ke saƙar.

Tun watan Afrilu haruffan ƙarshen layi suka fara ɓacewa ta gefen dama. Zdravko ya ce manhaja ce ke zarce iyaka, ya rage wa layi harafi biyu. A Yuni ya ƙara rage biyu, a Agusta ma haka. Abokan aiki sun yi ƙorafi, ya ce su da manyan allunansu me suka sani? Suka ƙyale shi don girmansa. Gyara arba'in da ɗaya ya tura, ranar Litinin aka saki sabuwar manhajar ga duniya.

Ranar rasuwar aka kira Kawu Stoil mai gyaran talabijin. Ya buɗe bayan marigayin, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Ɗana, wannan ai ya jima yana jinya. Hotonsa ke zamewa dama, tun wajen Afrilu."

"Tun yaushe, Kawu?"

"Afrilu na ce. Kai ba ka lura ba?"

Tun daga lokacin Zdravko bai sake taɓa kwamfuta ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ashe manhajar lafiyarta ƙalau, shi ya yi wata shida yana datse ta don ta dace da idon mara lafiya. Bai san yadda shafukan suke a allon mutane yanzu ba. Wanda ya fi hana shi sakat shi ne shafin umarnin da ke goge komai a kwamfuta, mai gargaɗi a cikin jadawali. Gargaɗin yana nan? Oho!

Marigayin ya bar maɓallan rubutu guda, da igiyar wuta, da gyare-gyare arba'in da ɗaya waɗanda suka zama marayu, da saƙonni sittin da uku na masu amfani da manhajar da suka shigo tun Litinin ba a buɗe ba.

An rufe madubin gida da zane kamar yadda ake yi wa kowane mamaci a al'adar garin. Zdravko ya haɗa da kwamfutar matarsa Nevena ya rufe, ya ce sai an yi arba'in.

"Arba'in ɗin wa?" in ji ta. "Tsoho, madubi aka ce, ba abin da kake tsoron dubawa ba. Wani na can zai goge aikinsa kana nan kana makoki!"

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a ɗauki gawar daga hawa na huɗu zuwa shagon Kawu Stoil. Za a raba dafaffiyar alkama da sukari a bakin ƙofa. Nevena ta rantse da an sauke gawar za ta yaye zanen, ta zaunar da shi gaban saƙon farko. Iyalan suna roƙon a zo da yawa, kuma a samu ƙarti biyu. Ɗaya zai ɗauki marigayin, ɗaya ya riƙe Zdravko.